Audugar Bomo a Bangon Ajinmu

Har yau in na ji ƙanshin dafaffen sitaci, ajinmu na nazare a Samaru nake tunawa. Lokacin sanyi ne, malamarmu Anti Saratu ta ce kowa ya zo da auduga, za mu manna a bango mu yi dusar ƙanƙara irin ta ƙasar Turawa.

Sauran yara ta kemis suka kawo, fara fat a leda. Tawa kuwa daga gonar Baba a Bomo aka tsinko ta, da ’ya’yanta a ciki. Wata yarinya ta ce ƙanƙarata ta yi datti. Na cusa ta cikin rigar sanyina, idona ya cika da ƙwalla.

Anti ta durƙusa a gabana, ta ce in kawo ta gani.

Na ce, “Anti, ta gasken tana da ’ya’ya?”

Ta ce, “Ni ma a kalanda kawai na taɓa ganinta. Wa ya sani?”

Ta shafa mata sitaci, ta ɗaga ni sama, na manna tawa can sama da ta kowa.

Yanzu na san dusar ƙanƙara ba ta da ’ya’ya. Na kuma san Anti ta sani tun a ranar.