Furen Muchachos

Da safe aka kawo furen, kafin mu ɗauki ɗana Ovidio zuwa maƙabarta. Ya fi akwatin gawar faɗi. Babu suna a jiki.

"Daga muchachos ne," maƙwabciyata Chela ta raɗa mini. "Ki karɓa, Niña Tránsito. Ki sa shi a gaba."

Muchachos. Samari ke nan, ba wani abu ba. Haka muke kiran 'yan ƙwallon layi, haka nake ƙwala wa nawa kira in na sauke wainar pupusa daga wuta. Amma tun da masu zane a jiki suka ƙwace unguwar, kalmar ta zama tasu, don ba mai iya furta sunan ƙungiyarsu. Su suka harbe Ovidio a ƙofar bas ɗin da yake wa kwandasta, wai hanyar motar tana ratsa unguwar abokan gabarsu. A nan kuwa, in sun kashe maka naka, sai su aiko fure. Wanda ya karɓa ya zauna a gidansa. Wanda ya ƙi, sai ya ɗaure kayansa ya bar unguwar.

Na ja furen har bakin kwata na wurga.

Ana cikin raba wa masu ta'aziyya kofi su sha, tsakar gida ta yi tsit. Babban masu zanen nan ne ya shigo, hula har bisa hanci. Masu addu'a suka haɗiye amin ɗinsu. Ya tsaya can nesa da akwatin.

"Ba ni na sa a kashe shi ba," ya ce ƙasa-ƙasa. "Sababbi ne. Muchachos ɗin ba su san..."

"Kar ka sake faɗar kalmar nan a gidana. Muchacho ɗaya ne a nan, ga shi kwance. Ku makasa ne."

Chela ta damƙe mini hannu. "Don Allah, ƙawata, ki tuna inda za ki kwana."

"A gadona zan kwana. In ya isa ya kore ni. Kai Osmín, cire hular nan, gaban gawa kake. Zo ka leƙa."

An daɗe ba wanda ya kira shi da wannan suna. Ya cire hular. Ya matso, ya leƙa gilashin akwatin, sai ya durƙusa.

Ni ban leƙa ba. Fuskar da ke cikin akwatin ce durƙushe a gabana tana kuka. Rana ɗaya na haife su, Ovidio ya fara fitowa, shi ya biyo baya.