Tsagar Gidanmu

"Ba ma tambayar iƙama, takardar zama, Baba," in ji mai tsaron ƙofa ga wani tsoho. "Tsagar gidanmu ce shaida."

A zauren nan na unguwar Sharafiyya, a ƙasa mai tsarki, zuri'ar kakan tsohon ta hallara daga Kano, Maraɗi da Sudan, kowa da zane uku a kuncin hagu. Shekara talatin rabon da wani ya kira shi ɗan'uwa.

Ya sauke rawanin da ya rufe kuncinsa.

Mai ƙofa ya duba, ya kau da kai. "Shi ke nan, yi haƙuri. Taron dangi ne, sadaka sai an tashi."

Tsohon ya shafa tabon ƙunar. Da hannunsa ya ɗora wa zanen wuƙa mai zafi, ranar da ya ƙona fasfonsa, don kada 'yan sintiri su san inda za su mayar da shi.