Sanda Mai Jan Zare

"Baba, ai ba ka yi kama da tsoho ba," in ji ɗalibin, ya kashe rikodarsa.

Dattijon, wanda shigowarsa Gurbin Bore ke nan da damin gero a ka, ya wuce abinsa. Ɗalibin dai digiri na biyu yake yi kan rayuwar tsofaffi, sukarin da ya kawo kuwa na tsofaffin gaske ne.

Washegari dattawa suka riƙa shigowa zauren mai unguwa ɗaya bayan ɗaya, kowa a duƙe, yana nishi, yana dogara sanda mai jan zare. Ɗalibi ya cika babi guda kan "jan zare, alamar tsufa a ƙasar Zurmi". Farfesoshi suka tafa, har aka ɗauke shi koyarwa.

Bana ya kwaso ɗalibansa su gani da idonsu. Dattawa duk suna gona, sanda na jingine a zaure.

"Wannan ta wa ce?" ya tambayi mai unguwa.

"Ta gari ce, Malam. Guda ɗaya muka yanko saboda kai, da ta tsage muka ɗaure ta da zare. Ka zo da sukari in sa a kira su?"