Tabon Haɓar Wade Kessler

Kwalin kyautar da za a karrama shi da ita yana kan cinyar shugabar makaranta, Wade Kessler kuwa ya kasa ɗauke ido daga kansa.

Shekara talatin rabonsa da wannan filin wasa na tsohuwar makarantarsu. A tsakani ya lakaɗa wa ƙattai duka a fina-finai ashirin da biyu, kuma duk Amurka ta san tabon haɓarsa. Ta san labarin tabon ma: wasan ƙarshe na ƙwallon zari-ruga irin na Amurka, saura minti ɗaya, jini har wuyan riga. Albarkacin labarin nan aka ba shi sabon fim, zai fito a matsayin koci. Shi ne kuma ya jawo 'yan jarida har wannan ɗan gari na Oklahoma. In labarin ya rushe, fim ya tafi.

'Yan kirarin makarantar suka fito bakin fili, 'yan mata masu kaɗa tuntaye da samari biyu masu cilla su sama. Leɓɓan Wade suka riƙa bin ƙirgensu. Da aka wurga wata 'yar firit, hannayensa suka miƙe da kansu, sai ya wayance da gyara hula.

"A kula da haɓa dai, jarumi," in ji shugabar, Loretta Pruitt. Ajinsu ɗaya a da. Har yanzu in ta zauna ƙafarta ba ta taɓa ƙasa.

"Loretta, don Allah, me za ki faɗa?"

"Gaskiya mana. Ka taɓa jin na yi ƙarya?"

Ta miƙe ta karɓi lasifika.

"Wade bai taɓa fashin wasa ba," ta ce. "Duk Juma'a yana filin nan. Ƙarfin hannu irin nasa ban sake gani ba, ya ɗaga da yawa daga cikinmu. Ranar da ya ji ciwon nan kuwa, ba wanda ya fi ni kusa da shi."

Fili ya kaure da tafi. 'Yan jarida suka rubuta, Wade ya sauke numfashi.

Sai da ya shiga mota ya buɗe kwalin. Farin takalmi ne ƙafa ɗaya, ɗan mitsitsi, na 'yan kirari, da guntuwar takarda a ciki mai rubutun Loretta: "Ka cilla ni, ka ce za ka cafe. Ka kuwa cafe, amma da haɓa."