Tsinin Takobi

Kyaftin Jasper Trewin ya tsaya a bakin ƙofa, hula a hannu, ƙugunsa babu takobi. Keziah, wadda aka sa musu rana, ta ɗago daga yankan burodi, ta dubi ƙugun, ta sunkuyar da kai.

Duk garin Plymouth an ji ya miƙa jirginsa ga Faransawa don kada mutanensa su nutse. A kotun sojan ruwa kuwa, in ka tarar da tsinin takobinka yana kallonka bisa tebur, an same ka da laifi. Ƙota ce alamar an wanke ka.

"Tsini na tarar," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Ki nemi wani, Keziah. Har yara ihu suke yi mini."

"Wa ya juya takobin?"

Ya kasa dubanta.

"Babana ne, ko?" Idonta ya ciko. "Ni na goge masa rigar da ya sa ya je zaman kotun, har ina waƙa."

"Aikinsa ya yi."

Ta ajiye wuƙar burodin tsakaninsu, ta juya ta a hankali har ƙotar ta fuskance shi.

"Tasu kotun ta tashi. Zauna, wannan tawa ce."