Ambulan Biyu, Gurbi Ɗaya

Ranar Talata ce komai ya sauya, ana yayyafi a birnin Aarhus. Tare muka gama jami'a ni da wadda daga baya na aura, kuma gurbin aiki ɗaya muke nema a wani ɗakin karatu. Ta gyara min wasiƙata ta neman aiki, na gyara mata tata, na hau keke zuwa gidan waya da ambulan biyu.

Ita aka ɗauka. Shekara arba'in muna aure tana tsokanata: "Sarkin karatu, tuna min, wa ya kayar da kai?"

Bara na binne ta, ban gaya mata cewa tata kaɗai na jefa a akwatin gidan waya ba. Kuma ba soyayya ba ce. Na karanta wasiƙarta, na san ta fi ni.