Ruwan da Ya Kwana a 'Yan Kunne

Mai gyaran kayan ado ta ɗaga 'yan kunnen da wani tsoho ya kawo a tagar shagonta da ke birnin Salvador, ta yi tsaki.

"Baba, gilashi ne na zamanin sarakuna, azurfar bayansa ke sa shi ƙyalli, kuma ba ta son ruwa. Wane mai ganganci ya wanke su suka dushe haka?"

"Ba wanki ba ne, 'yata," in ji tsohon. "Ranar aurenmu ruwa ya tsuge a ƙofar coci. Kowa ya gudu, marigayiya matata, tana sanye da su, ta jawo ni rawa."

Ta dubi sabon fallen azurfar da ta riga ta yanka, ta ture shi gefe.

"Ƙurar kawai zan goge, Baba."